Kafin a kama wutar rana, a fara gwada tukunyar

A ranar 5 ga Disamban 2022, masana a cibiyar bincike ta Lawrence Livermore da ke Kalifoniya a Amurka sun harba hasken leza mai ƙarfin megajul 2.05 a kan wani ɗan ƙwanso da bai fi ƙwayar masoro girma ba, sai makamashi megajul 3.15 ya fito. Karo na farko ke nan da ɗan Adam ya haɗe ƙwayoyin zarra a ɗakin gwaji ya samu fiye da abin da ya zuba musu. Kafofin labarai na duniya suka ɗauka: an kama wutar rana, lantarki marar iyaka ya kusa. Kaɗan ne suka ƙara da cewa na'urorin lezar sun sha wajen megajul 300 daga layin wuta kafin su ba da wancan megajul biyu. Bayan shekara guda, na'urar JET da ke Culham a Ingila ta yi bankwana da aiki da nata tarihin, megajul 69 cikin kimanin sakan biyar.

Ba mu raina ko ɗaya daga cikin waɗannan nasarori ba. Amma na farko bai kai ƙiftawar ido ba, na biyu sakan biyar ne, ita kuwa tashar lantarki shekaru ake so ta yi tana aiki dare da rana. A ganinmu tambayar da za ta yanke hukunci kan wannan fasaha ta tashi daga kan wutar ta koma kan tukunyar: wane ƙarfe ne zai zauna kusa da ita shekara da shekaru bai kumbura ba, bai tsage ba? Har yau babu wanda ya gwada amsar a irin yanayin da za a yi aikin, kuma wannan ɓangare shi ne ya fi kowanne ƙarancin kuɗi da kulawa.

Mutum zai ɗauka zafi ne matsalar, tunda iskar da ke cikin irin wannan tukunya takan kai digiri miliyan 150. Zafin yana da magani: maganaɗisu masu ƙarfi ne ke riƙe iskar a tsakiya kada ta taɓa bango. Abin da maganaɗisu ba ya iya riƙewa shi ne nutron. Idan nau'i biyu na haidurojin, dutiriyam da tiritiyam, suka haɗe, sukan haifi hiliyam da nutron guda, kuma kashi 80 cikin 100 na makamashin nutron ɗin ne ke tafiya da shi. Ba shi da cajin lantarki, don haka yakan wuce kai-tsaye ya shige bango da gudun fiye da kilomita 50,000 a sakan. Ƙarfinsa ya ninka na nutron ɗin tashoshin nukiliya na yau, masu fasa yuraniyam, kusan sau bakwai. Ba kuma za a so a hana shi shiga bangon ba, domin a can ne zai zama zafin da zai tafasa ruwa ya juya injin.

Don a gane ɓarnar da yake yi, sai a leƙa cikin ƙarfe. Duk maƙerin da ya san aikinsa ya san guntun ƙarfe ɗaya na iya zama waya mai lanƙwasuwa ko wuƙa mai kaifi, gwargwadon yadda aka gasa shi, aka doke shi a kan uwar maƙera, aka tsoma shi a ruwa ko aka bar shi ya huce a toka. Sinadarin bai canza ba, saƙar cikinsa ce ta canza. Zarrar ƙarfe a jere take sahu-sahu, amma ba sahu ɗaya ba ne daga wannan gefe zuwa wancan. Ƙarfe tarin ƙananan tsaba ne, kamar gonaki maƙwabta, kowace da inda kunyoyinta suka fuskanta, kuma inda biyu suka haɗu akwai iyaka. A cikin kowace tsaba kuma akwai wuraren da sahu ya yanke a tsakiya, kamar guntuwar kunyar da ba ta kai ƙarshen gona ba. Waɗannan guntayen sahu su ne sirrin lanƙwasuwar ƙarfe: idan aka danna shi, su ne ke zamewa su ba da hanya. Duk abin da ya tare musu hanya yana ƙara wa ƙarfe tauri, idan kuma tarewar ta yi yawa sai taurin ya koma gautsi, ƙarfe ya riƙa fashewa kamar tangaran.

Nutron idan ya ci karo da zarra guda, sai ya tumɓuke ta daga gurbinta da ƙarfin da zai sa ta bangaje ɗaruruwa ko dubban 'yan'uwanta. Duk wannan hargitsi yana faruwa ya lafa cikin ɗan lokacin da ake aunawa da kashi ɗaya cikin tiriliyan na sakan. Mafi yawan zarrar da ta tashi takan sake samun wurin zama. Sauran kuma sukan bar abu biyu: gurbin da babu kowa a ciki, da zarrar da ta kutsa tsakanin sahu inda ba wurinta ba. Masana suna auna wannan da ma'aunin da suke taƙaitawa da haruffan dpa. Bari mu kira shi tumɓuka. Tumɓuka ɗaya na nufin a matsakaici an tayar da kowace zarra ta ƙarfen daga wurinta sau ɗaya. A tsarin tashar gwaji ta DEMO da Turai ke shiryawa, ana son bangon farko ya jure tumɓuka 20, na biyu kuma 50. A yi tunanin ginin da aka zare kowane tubalinsa aka mayar sau hamsin, kuma ana son ya ci gaba da tsayuwa.

Makomar ƙarfen ta rataya ne a kan inda guraben da 'yan kutsen za su ƙare. Idan ɗan kutse ya faɗa gurbi, magana ta ƙare, rauni ya warke. Idan 'yan kutse suka taru da juna, sukan zama ƙananan zobba masu tare hanyar zamewa, ƙarfe ya yi gautsi. Idan guraben ne suka taru, sukan zama kogo, ƙarfe ya kumbura. Akwai kuma wani ɗan son kai a cikin saƙar: guntayen sahun nan sun fi jawo 'yan kutse fiye da gurabe, da ɗan kaɗan ƙwarai, amma wannan ɗan bambanci ya isa ya bar rarar gurabe suna yawo har su haɗu.

Ba a san da wannan kumburi ba sai a 1967, lokacin da masana biyu, Cawthorne da Fulton, suka duba ƙarfen da aka fitar daga tashar nukiliya ta Dounreay a Sikotilan suka tarar da koguna a cikinsa. An riga an tsara tashoshi a kan zaton ƙarfe zai riƙe girmansa. Daga baya aka ga ƙarfen da ba ya tsatsa samfurin 316, idan kumburin ya kankama, yakan ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin 100 a kowace tumɓuka. A Amurka an fitar da bututun wannan ƙarfe bayan tumɓuka 80, girmansa ya ƙaru da kusan kashi ɗaya cikin uku, abin da ido ke gani ba sai da madubi ba. Darasin Dounreay shi ne nutron yana da dabarun da ba a saninsu sai an sa ƙarfe a gabansa an jira.

Nutron ɗin haɗewar zarra yana da ƙarin wata illa. Saboda ƙarfinsa, wani lokaci yakan shige cikin cibiyar zarrar ya sauya ta zuwa wani sinadari, ya fitar da hiliyam da haidurojin a cikin ƙarfen kansa. A cikin ƙarfen gini akan samu kimanin zarrar hiliyam 10 cikin miliyan a kowace tumɓuka, fiye da ninki goma na abin da irin wannan ƙarfe ke tarawa a tashoshin gwaji masu fasa yuraniyam. Hiliyam ba ya narkewa a cikin ƙarfe. Yakan nemi gurbi ya zauna, ya hana shi warkewa, ya zama kumfa. Idan zafi ya yi yawa sai kumfar ta taru a kan iyakokin tsaba ta raunana su, ƙarfe ya rabe ta nan. Ko walda ma takan gagara: zarrar hiliyam ɗaya tak cikin miliyan ta isa ta sa masu tsara ITER su yi shakkar sake yi wa kaurin ƙarfe walda, don yakan tsage a gefen ɗinkin.

To mece ce dabara? Tunda ba za a hana raunin faruwa ba, sai a cika ƙarfen da wuraren da rauni zai je ya mutu. Iyakar tsaba irin wannan wuri ce: tana shanye gurabe da 'yan kutse duka biyu. A 2010 masu bincike a Los Alamos suka wallafa lissafin kwamfuta a kan tagulla da ya nuna iyaka takan fara haɗiye 'yan kutse, sannan ta riƙa maido su su cike guraben da ke kusa da ita. Ma'ana, ƙarfe mai ƙananan tsaba, wanda iyakokinsa suka yi yawa, yana iya yi wa kansa magani.

A kan wannan tunani aka gina ƙarafan da ake sa rai da su. Turai tana da Eurofer97, Japan tana da F82H, Sin ma tana da nata. Dukansu suna da kuromiyam kashi 8 zuwa 9 cikin 100, an gasa su an sanyaya ta yadda cikinsu ya zama siraran yadudduka cike da iyakoki da ƙananan tsakuwoyin kabon. Kumburinsu ya yi ƙasa da na 316 nesa ba kusa ba. An kuma cire musu sinadaran da ke daɗewa suna fitar da tururin nukiliya bayan nutron ya taɓa su: tangistin ya maye gurbin molibdinam, tantalam ya maye gurbin niyobiyam, da burin bayan kimanin shekara 100 a iya sake sarrafa ƙarfen maimakon a binne shi na dubban shekaru. Wannan aiki ne mai kyau da ba a cika yaba masa ba. Sai dai tagar aikinsu ƙunƙuntacciya ce. Ƙasa da digiri 350 nutron yana sa su gautsi, sama da 550 sukan fara saki suna miƙewa a hankali. Digiri 200 ke nan kacal injiniya yake da su, kuma duk tashar da ba ta iya aiki da zafi sosai, lantarkin da take fitarwa daga zafin nata kaɗan ne.

Don faɗaɗa tagar, aka ƙirƙiro ƙarfen da aka barbaɗa wa ƙurar wani sinadari mai suna itiriya, ƙwayoyin da faɗinsu bai wuce nanomita biyu zuwa biyar ba, wato kashi biyu zuwa biyar cikin miliyan na milimita. Samfurin 14YWT na cibiyar Oak Ridge yana cikinsu. Kowace ƙwayar ƙura tarko ce: tana kama hiliyam ta raba shi zuwa ƙananan kumfa masu yawa marasa illa, kafin ya isa iyaka ya taru. A ɗakin gwaji abin sha'awa ne. A masana'anta kuwa wahala ce, domin ba a narka shi a zuba. Garin ƙarfe ake niƙawa tare da ƙurar na tsawon sa'o'i sannan a matse shi da zafi. In aka yi masa walda ta narkarwa, ƙurar takan dunƙule, amfanin ya tafi. Tashar lantarki kuwa tan ɗaruruwa zuwa dubbai take buƙata, da ɗinki iri-iri.

Labarin tangistin ya fi kowanne nuna cewa saƙar ciki ita ce komai. Shi ne ƙarfen da ya fi kowane jure wuta, sai a digiri 3,422 yake narkewa, shi ya sa aka zaɓe shi ya shimfiɗe ƙasan tukunyar ITER, inda ake zubar da toka da rarar zafi. Kowace murabba'in mita a wurin za ta sha megawat 10, wato kamar ninki dubu goma na zafin rana tsaka. Amma tangistin a yanayin ɗaki gautsi ne da shi. Wanda ya fara shawo kansa shi ne William Coolidge na kamfanin General Electric, wajen 1910, da ya gano cewa idan aka yi ta dukan sa ana jan sa da zafi har tsabarsa ta miƙe ta zama zare-zare, sai ya lanƙwasu. Siririyar wayar da ke cikin tsohon ƙwan fitila, wanda muka taso muna gani, daga nan ta samo asali. Matsalar ita ce zafin da ya haura digiri 1,200 ko kusa da haka, in ya daɗe, yakan goge wannan aiki: tsabar ta sake haihuwa manya-manya, gautsin ya dawo. Nutron kuma yana mayar da wani ɓangare na tangistin zuwa riniyam da osmiyam, waɗanda ke dunƙulewa su ƙara masa gautsi su kuma rage masa iya wuce da zafi. A fuskarsa, hiliyam yakan tayar da wani gashi-gashi kamar auduga. A cibiyar Max Planck da ke Garching a Jamus ana gwada saƙa wayoyin tangistin a cikin tangistin, yadda ake sa ciyawa a cikin ƙasar gini don kada ta tsage.

Wannan rauni na tangistin ya shafi duk dabarar ƙananan tsaba. Ƙaramar tsaba ba ta son zama ƙarama. Zafi da nutron suna sa manya su cinye ƙanana. Tarkon da ke kama hiliyam kuma yana kama tiritiyam, man da tashar ke ƙonawa, wanda duk abin da ke hannun farar hula a duniya bai wuce 'yan gomman kilo ba, kuma rabinsa ke lalacewa duk shekara 12.3. Kowane magani a nan yana zuwa da nasa ciwon, kuma lissafin kwamfuta kaɗai ba zai faɗi wanda zai rinjaya bayan shekara biyar a cikin tukunya ba.

Nan ne muke ganin an yi sakaci. Babu wata na'ura a duniya yau da ke samar da irin wannan nutron da yawan da zai kai ƙarfe tumɓuka 20 ko 50. Abin da ake yi dabaru ne na wucin gadi. Ana harbin ƙarfe da zarra masu caji, a samu tumɓuka da yawa cikin kwanaki, amma raunin a fata yake tsayawa, zurfinsa 'yan kashi cikin dubu na milimita. Ana sa shi a tashoshin gwaji na yuraniyam, kamar HFIR a Oak Ridge ko BOR-60 a Rasha inda aka kai Eurofer wajen tumɓuka 70, amma hiliyam ɗin da ke taruwa a can kaɗan ne. In an ƙara wa ƙarfen boron ko nikel don ya haifi hiliyam, an canza saƙar da ake son gwadawa. Su kansu tashoshin gwajin raguwa suke yi: an rufe Osiris ta Faransa a 2015, an rufe Halden ta Norwe a 2018. ITER ma, duk girmanta, ba za ta amsa tambayar ba. Wannan aiki na haɗin gwiwar Tarayyar Turai da Amurka da Sin da Indiya da Japan da Koriya ta Kudu da Rasha a Cadarache, kudancin Faransa, an tsara shi ne don nazarin wutar. Duk rayuwarsa bangonsa da wuya ya wuce tumɓuka uku. A sabon jadawalin da aka sanar a Yulin 2024 ma, sai 2039 za a fara ƙona dutiriyam da tiritiyam a cikinsa.

Ba yau aka san da giɓin ba. Amurka ta fara shirin gina irin wannan na'urar gwaji a Hanford, ta soke shi a tsakiyar shekarun 1980. Tun 1994 ake zancen wata ta ƙasa da ƙasa mai suna IFMIF. Sai yanzu ake gina 'yar'uwarta, IFMIF-DONES, a Escúzar kusa da Granada a Sifaniya, inda za a riƙa harba dutiriyam a kan ruwan litiyam mai gudana don samar da nutron mai kama da na tukunya. Wurin da gwajin zai fi ƙarfi a cikinta bai kai lita ɗaya ba, don haka ƙananan yankan ƙarfe za a jera, a auna su, a yi ƙiyasin halin manyan sassa daga gare su. Shekara arba'in ana ɗage aikin da kuɗinsa ɗan ƙaramin yanki ne na kuɗin ITER. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Kamfanoni masu zaman kansu, da suka tara biliyoyin daloli, suna da tasu amsa, kuma ta cancanci a saurara. Tsarin tashar ARC, wanda ya fito daga jami'ar MIT kuma kamfanin Commonwealth Fusion Systems ke shirin ginawa a jihar Bajiniya don ta fara aiki a farkon shekarun 2030, an yi shi ne ta yadda za a iya buɗe maganaɗisun a cire tukunyar ciki gaba ɗaya a sa sabuwa. Wato idan ƙarfe ba zai daɗe ba, a riƙa sauya shi kamar tayar mota. Dabara ce mai hankali, kuma za ta iya kawo tashar farko da wuri. Amma ba ta kawar da tambayar ba, ta mayar da ita tambayar kuɗi ne. Tukunyar da aka cire tana fitar da tururin da ba ya barin mutum ya kusance ta, sai mutum-mutumi. Duk watan da tasha ta yi a kashe ana sauyi, bashin gininta yana ci gaba da hauhawa. Bangon da ke kai shekara biyar da wanda ke kai shekara ɗaya, tsakaninsu akwai bambancin lantarkin da talaka zai iya saya da wanda sai a wurin baje koli. Hukumar da za ta ba da lasisi ma sai ta ga shaidar yaushe ƙarfen zai gaza kafin ta amince da ranar sauya shi.

Don haka muna ganin ƙasashen da ke zuba kuɗi a ITER ya kamata su ɗauki na'urar Granada a matsayin rabin aikin, su ba ta kuɗi da ma'aikata yadda ba za ta sake zamewa ba, kuma na'ura ɗaya ta yi kaɗan ga duniya. Sakamakon gwajin ƙarafan da aka yi da kuɗin jama'a a bar shi a buɗe ga kowa, domin samfur guda yakan ci shekaru kafin a same shi, ɓoye shi asara ce ga kowa. Su kuma ƙasashen da har yau ke fama da ƙarancin wuta, namu na ciki, kada wani jami'i ya kawo wannan fasaha cikin lissafin shekaru ashirin masu zuwa. Rana da ruwa da iskar gas suna nan, an gwada su. Mai karatu kuma, duk sanda ya ga labarin wani sabon tarihi, na minti 22 da na'urar WEST ta Faransa ta yi a Fabrairun 2025 ko wanda zai biyo baya, yana da damar tambayar tumɓuka nawa bangon ya sha. A WEST amsar kusan sifili ce, domin ba a sa tiritiyam a cikinta.

Ba a sa ran IFMIF-DONES za ta fara aiki sai cikin shekarun 2030. Ko ta fara, kai ƙarfe tumɓuka 50 zai ci shekaru, sannan a jira ya huce, a yanka shi a ɗaki mai kariya, a duba. Sakamakon farko mai cikakken nauyi zai zo ne bayan ranakun da kamfanoni da dama suka riga suka yi wa masu zuba jari alkawarin fara sayar da wuta.